Yadda Muka Nemi Unguwar Kanisa a Jidda

Tun da na dawo ban ɗinka hula guda na gama ba. Da na zauna a rumfa na zare allura sai wani ya yi sallama, ya ce Alhaji Idi yaya Makka, yaya hanya, wai da gaske ne ruwan teku ba ya shawuwa? Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya tashi da labarin sai ya ƙara masa nasa gishirin. Shekaranjiya na ji ana cewa a kasuwa wai 'yan sandan Jidda sun ɗaure ni da igiya. To ba a ɗaure ni ba, riƙe mini hannu kawai aka yi. Shi ya sa na ce bari in yi amfani da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni da huluna.

Ba ni ne na shirya tafiyar nan ba, Gwaggo Hansai ce, ƙanwar mahaifina. Tana da ɗa guda namiji, Garba, wanda ya bi ayarin mahajjata a ƙasa tun ina yaro ban san ciwon kaina ba. Shekaru suka yi ta wucewa babu shi babu labarinsa, har ranar da wani alhaji mai dawowa ya ratso ta garinmu ya ajiye wani ɗan kati mai kauri, ya ce a Jidda aka ba shi. A bayan katin an rubuta da ajami cewa yana Jidda, yana lafiya, a gai da mutanen gida. A gabansa kuwa hoton wani gini ne na dutse, da tagogi dogaye sirara masu tsini a sama, da ƙatuwar ƙofa, da hasumiya mai agogo wadda ta tafi tana tsukewa kamar bakin allura. Can ƙololuwar hasumiyar ba a ganinta, don kusurwar katin ta yage tun a jakar alhajin. Aka taru a zaure aka duba, aka juya, aka yanke shawara cewa masallacin unguwarsu Garba ne. Liman ya ce shi dai bai taɓa ganin hasumiya irin wannan ba, amma ƙasar Allah tana da faɗi. Gwaggo ta naɗe katin a tsohon kallabi ta jefa a adudunta.

Kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari. Garba ɗan farin Gwaggo ne, don haka tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In dole ta kama sai ta ce wancan. In aka yi zancensa a tsakar gida sai ta tashi ta kama shara, ko da an share wurin. Ranar da ta kira ni ta ce za ta hajji kuma ni zan raka ta, sai ta ƙara da cewa in Allah ya kai mu tana so ta yi raka'a biyu a masallacin nan na cikin hoto, don ya daɗe yana ba ta sha'awa. Na ce to Gwaggo, Allah ya nufa. Duk gidan mun san abin da za ta nema a Jidda, kuma babu wanda ya isa ya faɗa.

Muka tashi shekara biyu kafin a ba mu mulkin kai. A Maiduguri aka yi mana lamba a dantse, aka ba mu takardun tafiya, muka hau babbar mota muka nufi ƙasar Faransa. Da muka haye kogi muka shiga Fotlami, abin da ya fara tayar wa Gwaggo hankali shi ne direba ya koma hannun dama. Ta dafa ni ta ce in je in duba ko mutumin nan ya sha wani abu. Da na nuna mata duk motocin garin haka suke tafiya, ta ce to duk garin ne ke nan. Burodinsu kuma dogo ne kamar sanda, da tauri. Na sayo mata guda, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa a gefen mota, ta ce a ajiye saboda karnuka.

A Adare, bakin iyakar Faransa da Sudan, wani Bature mai jan wuya ya sa aka sauke kayanmu duka. Da ya kai ga adudun Gwaggo ya warware kallabin nan, sai ya tsaya cak. Ya ɗaga katin ya ƙura masa ido, fuskarsa ta saki, ya cire hularsa, ya dube ni ya ce wani abu mai kama da "Iglis". Ni kuwa na ɗauka tambayata yake ko daga ƙasar Ingilishi muke, na gyaɗa kai da ƙarfi na ce Ingilis, Ingilis, Haɗeja. Ya yi murmushi, ya mayar da katin da hannu biyu, ya hana a ci gaba da binciken kayanmu. Gwaggo ta ce in gani, har kafiri ya san girman ɗakin Allah. Ni ma a ranar haka na ɗauka, har na riƙa ba sauran 'yan mota labari ina hura hanci.

Daga Janena zuwa Lubayya ba zan ce mun hau mota ba, sai dai in ce mun raka ta. Rairayi ne, ta tafi kaɗan ta kafe, a ce maza su sauka. Mu tura, mu shimfiɗa mata ƙarafa a ƙarƙashin taya, ta zabura ta bar mu, mu bi ta da gudu muna riƙe da wando. Mata suna sama suna ba mu shawara. Duk zangon da muka sauka akwai Hausawa, waɗansu kakanninsu ne suka taso hajji suka tsaya noman auduga, har yau ba su ƙarasa ba. Su kawo mana wani abu da suke kira kisira, falle-falle kamar takarda, mai tsami, da miyar kuɓewa busasshiya. Gwaggo ta ce tuwo ne aka yi wa guga. Amma ta ci, kuma kafin mu bar Sudan har ta koyi yi. A kowane gida, bayan an gaisa, sai ta ciro katin ta miƙa ta ce ko sun san wannan masallaci. Su karɓa da bisimilla, su yaba, su ce ba su kai can ba tukuna.

A jirgin ƙasa tsakanin Hartum da bakin teku muka samu abin da muke nema, ko in ce muka ɗauka mun samu. Mai duba tikiti, wani dogon Basudane mai farin rawani, ya tarar da Gwaggo tana kallon katin. Na nuna masa na ce Jidda, da ɗan Larabcin da na tsinta a hanya na tambaye shi ina ne nan. Ya duba sau ɗaya ya ce, "Kanisa." Na ce Kanisa? Ya ce na'am, Kanisa, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Na juya na ce wa Gwaggo an gama, mun samu sunan unguwar. Na yi ta maimaita kalmar kamar mai hadda don kada ta gudu. Ranar na ga Gwaggo ta cinye abincinta tas har ta nemi ƙari, ta kuma yi ta jan matar da ke kusa da ita da hira, alhali ba sa jin yaren juna. Na ji daɗi ƙwarai, don tun daga gida ban ga haƙoranta ba.

Zancen Sawakin, garin bakin teku, da zaman karantina inda aka killace mu saboda cuta, da jirgin ruwa, a bar shi kawai. Ni da nake cika baki a mota, ni ne na kwanta a kan katako ina kiran sunayen Allah, duk abin da na ci tun daga Janena na mayar wa teku. Gwaggo kuwa ko gezau, tana zaune tana cin dabino tana yi mini fifita, tana cewa ashe raggo ta ɗauko. Da muka sauka Jidda ba a bar mu mun ko waiga ba, wakilin mahajjata ya tattara mu kamar awaki ya zuba a mota sai Makka. Aikin hajji ba abin raha ba ne, malamai sun fi ni iya bayaninsa. Mun yi, Allah ya karɓa. Abin da zan ce kawai, a Arfa na ga leɓen Gwaggo yana motsi tun hantsi har rana ta faɗi, ban kuma tambaye ta wa take yi wa addu'a ba.

Sai da muka dawo Jidda jiran jirgin komawa sannan muka samu kanmu. Washegari da sassafe Gwaggo ta ci ado, ta ɗaura sabon zane, ta ce mu je masallacin. Muka fita bakin titi na tsayar da tasi, na leƙa na ce wa direba da ƙarfin gwiwa, Kanisa. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo da carbinta, ya nemi tsari da Allah ya ja motarsa. Na ce wannan ba ya son aiki. Na biyu ya yi dariya har ya kifa kai a sitiyari. Sai muka taka da ƙafa muka shiga Balad, tsohon garin, inda gidaje suke hawa kan hawa da tagogin katako masu ƙananan huji, lunguna kuma a matse kamar na cikin birnin Kano. Muka bi masu kanti ɗaya bayan ɗaya, ni ina cewa Kanisa, Gwaggo tana ɗaga hoto. Wani ya ba mu shayi a ɗan kofin da bai fi kurɓi biyu ba, wani ya kore mu da tsintsiya, wani ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Kafin azahar mun tara jama'a a bayanmu kamar masu wasa da kura. A nan ne wani ɗan sanda ya ratso taron, ya karɓi katin, ya yi mini tambayoyi da yawa waɗanda na amsa duka da na'am. Da ya ga abin ba zai yiwu ba sai ya kama hannuna, Gwaggo na biye, ya yi ta tafiya da mu kudu har wata unguwa da ake kira Nuzula, ya danƙa mu ga wani dattijo baƙi mai suna Ammi Usman, ya share gumi ya tafi.

Ammi Usman a Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina. Hausarsa tana nan, sai dai rabinta Larabci ne, kuma daga maƙogwaro take fita. Ya shimfiɗa mana tabarma, matarsa Safiya ta kawo wake dafaffe da mai da wani faffaɗan burodi mai zafi. Na kwashe labari tun daga zaurenmu na faɗa masa, na ƙare da cewa unguwar Kanisa muke nema. Ya karɓi katin. Ya fara dariya a hankali, ta ci ƙarfinsa, shayi ya zube masa a riga, ya kira Safiya ita ma ta duba ta toshe baki da mayafi. Ni ma na taya su, ban san abin da ake yi wa dariya ba. Sai ya ɗaga kai ya ga fuskar Gwaggo, dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Ya Hajja, ki yi haƙuri. Hada ba masallaci ba ne. Kanisa, ya'ani cocin Nasara, inda suke ibadarsu. Nan wurin da ya yage, gicciye ne a kai. Wallahi babu irin wannan a Jidda, daga Balad har bakin bahar. Wannan a ƙasar Turawa yake."

Ni cocin da na taɓa gani a Sabon Garin Kano ne, zaure ne dogo da rufin kwano, ina zan san suna da mai hasumiya? Na tuna Baturen Adare da hularsa a hannu, na tuna yadda muka ratsa Balad muna tambayar Musulmi hanyar coci da carbi a hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓi abinta. Ta naɗe katin a kallabinsa, ta ce to Idi, tunda babu masallacin ai shi ke nan, sai mu koma mu jira jirgi. Muryarta lafiya lau, amma ba ta taɓa abincin ba. Tausayinta ya kama ni. Masallacin nan shi ne kaɗai abin da take iya tambaya da bakinta, yanzu an ƙwace mata shi. Ga kuma sabon tsoro, don na san tana tunanin ko wancan ɗin ya bi Turawa ƙasarsu ya bar salla.

Safiya ce ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da waɗansu katuna ta zube a tabarma. Ga mai hoton gada, ga mai hoton Baturiya da hula kamar faifai, ga mai hoton kare a zaune a kujera. Ta ce da su take fifita gawayi. Ta ce ai duk Nuzula babu gidan da babu irinsu, daga haraji suke fitowa, wato kasuwar gwanjo. Jiragen ruwa suna kawo dilolin tsofaffin kwat daga Turai, masu kwance dila su ne ke lalube aljihu, abin da suka samu nasu ne, ko maɓalli, ko mataji, ko irin wannan kati. Kuma yawancin masu wannan aiki mutanenmu ne. Ammi Usman ya buga cinya ya ce halas, wanda ya aiko wannan ba Turai ya je ba, aljihun Bature kawai ya shiga. Ya ce yalla, mu tashi, bayan la'asar kasuwar take ci. Gwaggo ta ce ita fa ba ta da abin saya a gwanjo, amma tunda an matsa za ta raka mu. Ta riga mu kai wa ƙofa.

A hanya muka gamu da wani ɗan ayarinmu yana nemanmu, ya ce wakili ya ce jirginmu gobe da safe zai yi lodi. Na dubi Gwaggo, ta yi kamar ba ta ji ba, sai dai ta ƙara sauri.

Haraji fili ne guda, amma hayaniyarsa ta fi ta kasuwar garinmu ranar jajibere. Kowane dillali yana tsaye a kan akwati yana ɗaga kaya yana ihu, wannan da agogo, wannan da tukunya, wannan da ƙafar keke. Ɓangaren kwat yana can ƙarshe, tuli-tuli, ga zafin Jidda da ke narka mutum, ban san wanda ke sa su ba. Muka fara tambaya. Matsalar ita ce a can babu Garba, duk wani Garba ya koma Bakur ko Bakari, kuma da Ammi Usman ya ce Bakur sai mutum wajen goma suka waigo. Ni ban san fuskarsa ba. Wadda ta san fuskar kuwa tana gefe tana duba wata tsohuwar butar shayi kamar ita ta kawo ta.

Ana cikin haka wani mai kwat ya ga baƙo, ya cafke ni, kafin in ce a'a ya zura mini wata baƙar kwat mai gashi a kan rigata. Ta Bature ce siriri. Hannuwana suka shige suka maƙale a baya, na kasa gaba na kasa baya, shi kuwa yana shafa kafaɗata yana rantsuwa don ni aka ɗinka ta. Ina wannan kokawa sai na ji an damƙi gefen rigata. Gwaggo ce, idonta a kan wata babbar mota da ake yi wa lodin diloli can nesa.

Ta ce, "Idi, ga shi can. Kira shi."

Na ce, "Wanne, Gwaggo?"

"Wancan."

"Wanne wancan? Su shida ne a wurin."

"Wancan mana, mai juya baya."

Duk sun juya baya. Na buɗe baki na kwarma Garba, muryar ta ɓace a cikin ihun dillalai, wani mai sayar da fitila ne ma ya amsa. Na yunƙura in ruga, mai kwat ya riƙe wutsiyar kwat ɗinsa yana zaton gudu zan yi da ita. Ammi Usman ya yi nisa cikin taro. Motar ta tashi, ta fara hayaƙi, masu lodi suka fara ɗarewa sama ɗaya bayan ɗaya. Wani mai furfura a ƙeya ya kama ƙarfe ya ɗora ƙafa a kan taya.

Gwaggo ta saki rigata. Ta yi taku kaɗan gaba, ta gyara mayafinta, ta ce, "Garba."

Ba ihu ta yi ba, na rantse ko ni da ke kusa da ita da kyar na ji. Amma mutumin nan ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan taya. Ya sauke ta a hankali, ya juyo, ya yi ta duban taron har idonsa ya faɗa kanta. Motar ta tafi ta bar shi. Ya taho yana tuntuɓe da tulin kwat, ya zo ya zube a gabanta cikin ƙura, ya kama bakin zanenta, babban mutum da furfura yana kuka kamar an yaye shi. Gwaggo ta kawar da kai gefe, ta ƙura wa butocin shayi ido, hawaye yana bin haɓarta yana ɗiga. Ta ce da ni, Idi, tambaye shi ko ya ci abinci. Ni kuwa ina tsaye hannu a baya cikin kwat ɗin Bature, ina kuka ina dariya, babu halin share fuska.

Jirgin nan dai ya tafi bai gan mu ba, sai na bayansa muka hau. Muka tare a gidan Garba, ɗaki biyu a bayan Nuzula, da matarsa da 'ya'yansa waɗanda ke jin Hausa amma su amsa da Larabci. Taubashina ne, don haka ban raga masa ba. Na ce kai da ka rasa abin aiko wa tsohuwa sai coci? Ya rantse shi ya ɗauka gidan gwamnan Turawa ne, ya zaɓe shi don ya fi sauran kauri, zai jure hanya. Ya ce kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe shi, shekara ta bi shekara. Gwaggo ba ta yi masa magana kai tsaye ko sau ɗaya ba har muka taho, komai ta bakina ko ta bakin jikokinta. Amma kullum ita ke tuƙa tuwon gidan, kuma na ga malmalar da ta fi girma inda take zuwa.

Ranar da za mu tashi ya rako mu bakin jirgi. Ya yi alkawarin zuwa gida da yaran bayan hajji mai zuwa, na ce zan faɗa a zaure don kada ya samu hanyar zillewa. Da Gwaggo ta yi gaba ta hau tsani, sai ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce yana so ya tambaye ni wani abu tsakani da Allah. Ya ce ranar nan a haraji, ni ma na ji ta faɗa, ko kunnensa ne? Na ce na ji, da kunnena. Ya bi bayanta da kallo har ta shige. Sannan ya ce, "Ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba sai ranar."